Mai Baƙin Ƙwallo na Gaya da Ranar Korayen Riguna

Ku samarin nan da kuke zaune a bencina kuna cewa aikina ba aiki ba ne, duk ina jin ku. Jiya ma ina juya shayi na ji ɗayanku yana cewa shi a waya zai rubuta sunayen masu abinci ya tura wa duk baƙin da za su zo kallon ƙwallo, shi ke nan ya sallame ni. Allah ya ba da sa'a. Amma kafin ya tura ɗin, ku ba ni aron kunnuwanku, don ni da na haura shekara ashirin a cikin sana'ar nan, har gobe akwai wuraren da ban gane kanta ba.

Sunana Haladu. A nan Gaya ana ce mini Haladu Mai Baƙi, amma asalina mutumin Gafasa ne, can ƙasar Ajingi. Aikina kuwa shi ne, ranar wasa, idan motar magoya bayan wata ƙungiya ta shigo gari, ni zan tare ta a bakin tasha. Ni zan gaya musu inda za su ci, inda za su sha, inda za su kama ruwa su yi salla, inda za a ajiye motar, da kuma lungun da ko da wasa kada ƙafarsu ta taka. Masu abinci sukan yi mini ɗan ihsani in na kai musu baƙi, ga kuma teburin shayin nan da kuke gani. Da wannan na aurar da 'ya'ya uku.

Ban shigo ta ina yaro ba. Da matata da ɗa ɗaya na baro Gafasa, shekarar da gyaɗa ta ƙi, na zo wajen Baba Isiyaku, wanda shi ne mai teburin nan a lokacin, shi ne kuma mai saukar baƙin ƙwallo. Na ɗauka ranar farko zai tura ni tasha. Sai ya ce in je in ci abinci.

"A ina, Baba?"

"Ko'ina. Duk tukunyar da ake sayarwa a garin nan ka ci. Wanda bai ci ba, ba ya aika wani ya ci."

Wata uku ina yawo. Na ci ɗanwake, na ci dambu, na ci gurasa a wuri biyar, na sha fura har ta fita daga raina. In na dawo kuma Baba ba zai tambaye ni daɗin abincin ba. Sai ya ce, "Benci nawa ne a wurin? Akwai inuwa bayan azahar? Ta ina ake fita in an tare ƙofa? Su wa suke zama a gefen?" Ni kuwa sai in tsaya ina sosa ƙeya, don ban ga abin da ya haɗa ƙofa da ɗanwake ba.

Motar farko da ya bar mini ita ta 'yan Albasu ce. Ban yi wani dogon tunani ba, na kwashe su gaba ɗaya na kai su wajen Inna Talatu, domin duk Gaya babu mai shinkafa da wake irin tata, mai da yajinta kaɗai ya ishi mutum. Suka zauna, aka zuba musu, suka fara ci suna santi. Da ciki ya ɗauka sai suka fara waƙa, suna zagin golan ƙungiyarmu, wai hannunsa rariya ne, ko tulu aka jefa masa sai ya wuce. Ashe golan nan ɗan Inna Talatu ne na cikinta. Ban ankara ba sai na ga ta miƙe da ludayi a hannu, tana bi tana ɗauke kwanuka daga gaban mutane, wasu da loma a baki. Na dawo da su kan titi da yunwa. Baba Isiyaku bai yi mini faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Ka san miya, ba ka san mai miya ba. Koma ka sake zagayawa."

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da dalilinsa. Akwai butoci goma sha biyu, don baƙo yana sauka abin da ya fara nema ruwa ne, ba abinci ba. Akwai tabarmi huɗu na salla. Akwai keke. Kada ku ce me ya sa ba babur ba, ai baƙi a ƙafa suke bin ka, in ka hau babur ka bar su a baya sai su watse, wani ya faɗa majalisar da bai kamata ba. Keken ma turawa ake yi, butoci a rataye, su kuma su biyo bayanka kamar makiyayi da tumakinsa. Sannan riga. Ranar wasa ba na sa launin kowa, toka-toka nake sawa, hula ma haka. Sauran kayan aikin kunne ne. Tun daga nesa kana jin mota ka san abin da ta ɗauko. In ganga ce da waƙa, samari ne, aljihunsu babu nauyi, wajen mai gurasa za ka kai su, inda mutum zai ƙoshi da kaɗan. In motar shiru ce, akwai dattawa a ciki, iyayen 'yan wasa, su fura suke so a gindin tsamiya, inda za su miƙe ƙafa.

Bayan an tashi daga wasa kuma aikin ya fi wuya. Wanda aka ci, kada ka yi masa tayin abinci, zagi ne. Ruwa za ka ba shi, ka nuna wa direba hanyar bayan firamare su fice ba tare da sun bi ta tsakiyar gari ba. Wanda ya ci kuwa shi ne abin tsoro, don tsire zai ce yana so, mai tsire kuma a gaban majalisar 'yan gari yake. Sai ka ce masa ya zauna a mota, kai ka je a ƙunso ka kawo. Wata rana na yi wannan zirga-zirgar sau tara, ƙafata har ta kumbura, amma motar ta fita da gilasanta lafiya.

To, bari in zo kan ranar da ta kusa raba ni da sana'ar.

Wasan kusa da na ƙarshe ne, tsakanin ƙungiyarmu ta nan Gaya da wata ta Ajingi, lokacin kaka, ana tsaka da cirar gyaɗa. A lokacin Baba Isiyaku ya tsufa ya koma gida, teburin da baƙin duk suna hannuna. Mutanen Ajingi na san su sun san ni. Shugaban magoya bayansu wani ne Sale Mai Ganga, dogo, mai faɗin murya. Launinsu ruwan ɗorawa ne, namu kuma kore. Abin da ban sani ba shi ne, a makon nan wani mai kuɗi ya raba wa magoya bayan Ajingi sababbin riguna, kuma korra sharr ya sayo musu, irin namu sak.

Ina tsaye a tasha kafin azahar da kekena, motarsu ba ta iso ba, sai ga wata ƙaramar mota daga Kano da mutum huɗu a ciki. 'Yan kudu ne. Akwai wani ɗan bautar ƙasa da yake koyarwa a Ajingi yana kuma buga musu gaba, to 'yan'uwansa ne suka zo kallonsa. Babbansu wani ƙaƙƙarfa ne, ya ce sunansa Oga Sande, yana jin Hausa irin ta kasuwa. Direbobin tasha suka nuna masa ni.

"Malam, an ce kai ne ka san gari," in ji shi. "Muna son wuri da za mu zauna, mu sha abu mai sanyi kafin wasa."

Na duba hanyar Ajingi, babu alamar mota. Na ce a raina, wannan ai ba zai ɗauki lokaci ba. Na kai su wajen wata mai kunun aya a bayan tasha, wadda take sa ƙanƙara a kula. Aka ba kowa gora ɗaya. Suka sha, suka kalli juna.

"Ya yi daɗi," in ji Oga Sande. "Amma wanda yake cikin kwalba muke so."

"Ai sai ka faɗa, Oga."

Na tura keke, suka biyo ni har shagon da yake da firji a bakin kasuwa. Aka fito da lemo kala uku, kwalaben har gumi suke yi. Ɗayansu ya yi dariya ya faɗi wata magana da yarensu. Oga Sande ya dafa kafaɗata, ya rage murya.

"Malam, ba mai zaƙi ba. Mai ɗaci. Na manya. Wanda in mutum ya sha, jikinsa zai saki."

Na tsaya na haɗa maganar a kaina. A kwalba, mai sanyi, mai ɗaci, na manya, jiki ya saki, ga shi kuma yana faɗa a ɓoye kamar mai jin kunya. Sai na ji tausayinsu ya kama ni. Na ce, "Haba Oga, ai wannan ba abin kunya ba ne, kowane magidanci yana fama da shi. Ku biyo ni, akwai wanda ya fi kowa iyawa."

Fuskokinsu suka washe. Na bi da su ta lungun masu awo, muka ɓulla bayan kasuwa, rumfar Malam Barau mai magani. Shi jiƙonsa na maɗaci ne da wasu saiwoyi, yana ɗurawa a kwalabe ya jera a cikin randa don su yi sanyi. Da suka ga rumfa a ɓoye, ga labulen buhu, ga kwalabe babu takarda, sai suka fara tafawa da juna. Malam Barau ya zuba wa kowa kofi. Oga Sande ya ɗaga ya shanye, ya runtse ido, ya girgiza kai kamar rago.

"Kai! Wannan da ƙarfi! Ƙaro."

"Rabin kofi fa ake sha," in ji Malam Barau.

"Mu mun saba. Ƙaro."

Kofi bibbiyu suka sha. Malam Barau yana kallonsu da mamaki, sai can ya ce, "To, bayin Allah, tun yaushe yake damun ku? Mai tsiro ne ko mai jini?"

"Wa?"

"Basir ɗin mana."

Oga Sande ya dubi kofin, ya dube ni.

"Malam," ya ce a hankali, "giya fa muke nema."

Na ce, "A'uzu billahi! A Gaya?"

Malam Barau ya ce, "To, ai kuwa sai ku nemi wuri kusa da banɗaki, don nan da ɗan lokaci zai fara aiki."

Muna tsaye muna kallon-kallo sai na jiyo ganga daga wajen fili, kuma kiɗan Sale ne, ko a mafarki na san shi. Na fizgi kekena, domin wajen da sautin yake fitowa ba wajen baƙi ba ne.

Abin da ya faru a bayana, daga baya na tattara shi baki-baki. Motar Ajingi ta iso tasha, babu Haladu. Kwandasta ya leƙo ya tambayi wani ɗan acaɓa ina ake sauke masu kallon ƙwallo. Ɗan acaɓa ya ga mota cike da korayen riguna, ya ɗauka magoya bayanmu ne na ƙauyukan gefen gari, sai ya nuna musu rumfar da aka kafa a bayan fili. A rumfar nan Inna Talatu ce da tukwanenta. Shugaban ƙungiyarmu ya sa ta dafa shinkafa da miya, ya ce in 'yan ƙauye sun iso a ba su nasu, na 'yan wasa kuma, mai kaji, a ajiye sai an tashi. Ta ga kore, ta fara zubawa. Mutanen Ajingi kuma suka ɗauka ni na shirya musu wannan karamci. An ce Sale har cewa ya yi, "Kai, Haladu bana ya fitar da mu kunya." Suka cinye na 'yan ƙauye, suka ce a ƙaro, suna yabon hannunta, ita kuma daɗin yabo ya sa ta buɗe tukunyar kaji.

Sai ga namu sun fara isowa, su ma da kore. Suka shiga rumfa, aka gaggaisa, aka matsa wa juna a benci. Kowa yana ganin baƙuwar fuska ya ɗauka ɗan wata unguwa ne. Suna ta cewa yau sai mun ba su uku, kowa yana amin, ba wanda ya tambayi su wa za a ba. Sai da Sale ya wanke hannu, ya ja gangarsa ya ɗauko waƙar Ajingi, rabin rumfa ya amsa, rabi ya yi sororo.

Lokacin da na iso, ina tura keke da gudu, butoci suna karo da juna, 'yan kudu huɗu a bayana riƙe da ciki, faɗa ya riga ya kaure. Amma irin faɗan nan ban taɓa ganinsa ba, domin ba wanda ya san wa zai buga. Na ga mutum biyu 'yan layinmu sun shaƙe juna, sai da hular ɗaya ta faɗi suka gane, suka saki juna suka juya neman wani. Benci yana sama, tukunya tana mirgina. Oga Sande yana jan rigata ta baya yana cewa, "Malam, banɗaki! Banɗaki!"

Na hau kan wani turmi na ɗaga murya. "Mutanen Ajingi, ku biyo ni!"

Ba wanda ya motsa. Wa zai yarda ya nuna kansa a tsakiyar wannan?

Na sake dabara. "To, 'yan Gaya duk ku zauna ƙasa!"

Gaba ɗaya rumfar ta zauna. Kowa. Har Sale, da gangarsa a fashe, bakinsa yana jini, haƙori ɗaya babu. Ni kaɗai na rage a tsaye kan turmi, sai 'yan kudu huɗu suna tsalle-tsalle a wuri ɗaya. Zaman nan dai shi ya kashe faɗan, amma wallahi ba abin da na nufa ke nan ba.

Ba a buga wasan ba ranar. Masu shirya gasar suka dakatar da ita, suka ce daga yau babu ƙungiyar da za ta zo da magoya baya. Wannan ita ce muguwar shekarata. Shekara guda cur mota ba ta tsaya a tasha don ƙwallo ba. Butocina rana ta cinye su a rataye. Mai tsire ya kwashe kayansa ya koma Wudil. Mai gurasa ya rage kwaɓi. Inna Talatu in na gaishe ta sai ta duba gefe kamar iska ce ta wuce. A Gaya ana cewa ai ɗan Gafasa ne, da gangan ya ɓuya don 'yan'uwansa su cinye kajin 'yan wasanmu. A Ajingi kuma ana cewa Gaya ta saye shi, tarko ya ɗana musu.

An kira ni zauren mai unguwa in yi bayani. Ya ce, "Haladu, ina kake lokacin da motar ta iso?"

"Ranka ya daɗe, ina wajen Malam Barau mai magani."

"Ba ka da lafiya ne?"

"Lafiyata ƙalau. Baƙi na kai."

"Su ne ba su da lafiya?"

"Su ma ƙalau suke. Wato kafin su sha."

"To me ya kai su?"

"Giya suke nema, ranka ya daɗe."

Zauren ya ɗauki salati. Wani dattijo ya ce, "Barau giya yake sayarwa?" Na rantse ba haka ba ne, na sake farowa daga kunun aya. Duk inda na kamo maganar sai ta ƙara cukurkuɗewa. A ƙarshe mai unguwa ya riƙe kansa ya ce in tashi in tafi, Allah ya sawwaƙe. Malam Barau kuwa wata biyu ba ya yi mini magana.

Da damina ta zagayo na je gaida Baba Isiyaku. Yana kwance a soro, ido ya yi rauni, amma kunne ras. Na ba shi labari tun daga farko. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya nutsu sai ya ce, "Laifinka ɗaya ne. Ba ka tambaya ba. Ka saba kai ake tambaya." Sannan ya ce, "Ka taɓa sauka a garin da ba ka san inda za ka ci ba?"

"A'a, Baba."

"To je ka Ajingi ranar kasuwa. Kada ka gaya wa kowa za ka zo."

Na tafi. Ku kuna ganin tunda ƙasarmu ce na san ta, to Gafasa na sani, cikin Ajingi kuwa rabona da shi tun ina saurayi. Na sauka daga bas da hantsi, na tsaya. Ga masu abinci ta ko'ina, amma ban san wacce ce uwar wa ba, ban san majalisar da zan wuce lafiya ba. Duk wanda ya kalle ni sai in ga kamar yana cikin rumfar nan ranar. Na yi gabas na dawo, na yi yamma na dawo. Har azahar ina zagaya buhunan gero, ko ruwa ban sha ba.

Sai na ji murya a bayana. "Wannan ba Haladu Mai Baƙi ba ne?"

Na juya. Sale ne, da giɓinsa. Ashe awon hatsi yake yi a kasuwar. Ya daɗe yana kallona, ni kuma ina lissafin ta inda zan gudu.

"Tun ɗazu nake ganinka kana kewaya kamar akuyar da ta ɓata," in ji shi. "Wa ya sauke ka?"

"Ba kowa."

"Ka ci abinci?"

"A'a."

Ya bar awonsa ya ce in biyo shi. Muka wuce wata mai tuwo, na rage tafiya, ya ce, "Ba nan ba, ƙanenta ne aka fasa wa kai." Muka wuce wani mai balangu, ya ce, "Nan ma a'a." Sai can ƙarshen layi ya zaunar da ni wajen wata tsohuwa mai dambu, wadda ya ce ita ko sunan ƙwallo ba ta sani ba. Sai da na ci na sha ruwa sannan na ce na zo ba da haƙuri ne kan haƙorinsa.

Ya ce, "Haƙorin? Ai ɗan wana ne ya cire shi. Tare muka zo a mota ɗaya. Ya ɗauka ɗan Gaya ne ni."

Na ba shi labarin Oga Sande da Malam Barau. Ya yi dariya har ya kwanta a benci, iska tana fita ta giɓin. Ya kira mutanen layin ya ce in maimaita. Sau uku na ba da labarin nan a kasuwar Ajingi ranar, kuma a nan ne kaɗai aka taɓa fahimtarsa.

Sale ne ya bi manyansu, ni na bi namu, har aka yarda a dawo da gasar bayan kaka, a fara da wasan da ba a buga ba. Amma mutanen Ajingi suka kafa sharaɗi. Suka ce ba za su sake sauka a tashar Gaya su nemi Haladu ba. Sai dai in je Ajingi da safe, in shiga motarsu, mu taho tare, kuma in zauna a tsakiyarsu har a tashi. Suka koma ruwan ɗorawarsu.

Haka aka yi. Na sauke su, na kai samari wajen gurasa, dattawa wajen fura, aka yi la'asar, sannan Sale ya riƙe hannuna muka shiga fili. Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne, duk shekarun nan ban taɓa kallon wasa ba. Lokacin da ake bugawa ni ina waje, ina cika butoci, ina gadin mota. Ihu kawai nake ji. Ranar ce ta farko da na zauna na ga abin da idona, kuma ban gane komai ba. Mutum ashirin da wani abu suna ta gudu, wani yana busa usur, a tsaya, a ci gaba.

Can sai ɗan bautar ƙasan nan, da ya gama hidimarsa ya ci gaba da zama a Ajingi, ya sheƙa da ƙwallo ya zura ta a raga. Mutanen Ajingi suka tashi da ihu, suka ɗaga ni sama kamar buhu. To, mutum yana sama ana jijjiga shi, me zai yi? Na ɗaga hannu ni ma ina ihu. Daga can saman na hango ɗaya gefen filin, ga maƙwabtana, ga mai unguwa, ga Inna Talatu da hannu a ƙugu, duk ni suke kallo. Sai aka dire ni. Na ci gaba da tsalle ina tafi, ban lura kowa ya zauna ba. Yanzu kuma gefen Gaya ne yake ihu, suna nuna ni suna dariya.

Sale ya jawo rigata. "Zauna, Haladu. An hana ƙwallon. Satar gida ce."

Na zauna da sauri, na dafa aljihuna.

"Gidan wa aka shiga?" na ce.